Dattin Amya

Daga Katsina zuwa Maraɗi hanya guda ce mai kwalta, ta bi ta Magamar Jibiya, ta tsallaka iyaka, ta faɗa Ɗan Isa. A 'yan shekarun nan sau biyu ana garƙame wannan ƙofa. Na farko a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, ba a kuwa sake buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Na biyu bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, aka kai har Maris na 2024. Dokar ta hau kan mai shinkafa da mai shanu da mai galan ɗin zuma, amma ba ta hau kan ƙudan zuma ba. Ƙudan da amyarsa ke rataye a kan gawo a gefen Najeriya yakan yi tafiyar kilomita biyu ko uku, wani lokaci fiye, ya ɗebo abin da yake nema a gefen Nijar ya dawo kafin rana ta yi tsaka. Abin da ya sani shi ne inda bishiya take.

Cikin kayan da yake ɗebowa akwai wani abu da ba ya shiga lissafin kowane ɗan kasuwa a wannan yanki. Duk wanda ya taɓa ganin an sauko da amya ya san shi: wani baƙi-baƙin danƙo ne mai ƙamshin turare, da ke liƙe a bakin amya da duk wata kafa da ke jikinta. Mai ɗiban zuma yakan kankare shi ya yar, domin yana ɓata launin kaki, yana kuma manne wa hannu. A daidai wannan lokaci, a shagunan magani na Kano da Katsina da kuma zaurukan WhatsApp, ana tallar wannan abu ɗin a ƙananan kwalabe da ƙwayoyi da aka shigo da su daga ƙetare, da sunan furofolis, ana cewa yana maganin suga da gyambon ciki da sanyi, wasu har da daji. Abu ɗaya ne ake zubarwa a ƙauye a matsayin datti, ake saye a birni da tsada a matsayin waraka. Gaskiyar lamarinsa tana tsakanin waɗannan biyun, kuma saninta ya shafi lafiyar mai saye da aljihun mai amya.

Ganuwar birnin ƙudaje

Sunan furofolis daga Girkanci ya fito, ma'anarsa abin da ke gaban birni, wato ganuwa ko ƙofar gari. Larabawa na ce masa ƙaron ƙudan zuma. A nan za a kira shi ƙaron amya, domin shi ne ya fi bayyana asalinsa.

Zuma daga ruwan fure ake yin ta, kaki kuwa daga jikin ƙudan yake fitowa. Ƙaron amya dabam ne da su duka. Bishiya idan ta ji rauni, ko tana fitar da sabon toho, takan tsatso da wani danƙo don ta kare wurin daga ƙwari da ruɓa. Wannan danƙo ne wasu 'yan tsiraru cikin ma'aikatan amya suke gutsura da baki, su ɗaura a ƙafafunsu na baya inda suke ɗaura garin fure, su kai gida. Saboda yauƙinsa ɗan aiken ba ya iya sauke kayansa da kansa, sai ya tsaya 'yan uwansa su riƙa ɓamɓara kaɗan-kaɗan, abin da kan ɗauki sa'o'i. Daga nan su cuɗa shi da kaki su shiga gini.

Da shi suke toshe ɓaraka, su rage faɗin ƙofa, su shafe bangon ɗaki. Idan ɓera ko ƙadangare ya kutsa suka harbe shi ya mutu, gawar ta fi ƙarfin su fitar, sai su lulluɓe ta da ƙaro ta bushe ba tare da ta yi wari ba. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ɓarnar amya wanda asalinsa na Afirka ne kudu da Sahara. A 2001 masu bincike a Afirka ta Kudu suka bayyana yadda ƙudaje ke gina masa kurkuku da ƙaro, su sa masu gadi a bakinsa.

Hikimar ta wuce gini. Cikin amya akwai ɗumi na kimanin digiri 35, da laima, da abinci mai zaƙi, da dubun dubatar rayuka a cunkushe. Babu wurin da ya fi wannan dacewa da yaɗuwar cuta. Marla Spivak da Michael Simone-Finstrom na Jami'ar Minnesota a Amurka sun nuna a 2009 cewa amyar da aka shafe cikinta da ƙaro tana da ƙarancin ƙwayoyin cuta, kuma garkuwar jikin ƙudajenta ba ta wahala kamar ta sauran. A 2012 suka ƙara gano cewa idan wata cutar fumfuna ta kama 'ya'yan amya, sai yawan masu fita neman ƙaro ya ƙaru. Wato ƙudan zuma na zuwa wurin bishiya neman magani, kamar yadda Bahaushe ke zuwa neman sassaƙe.

Kama da wane ba wane ba ne

Littattafai sukan kawo kason abin da ke cikin ɗanyen ƙaron amya kamar haka: kusan kashi 50 cikin ɗari danƙon bishiya, 30 kaki, 10 mai mai ƙamshi, 5 garin fure, sauran 5 tarkace. Wannan awo daga ƙaron ƙasashen Turai aka samo shi, kuma bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Rabin nan na danƙo shi ne ke ɗauke da sinadaran da ake magana a kansu, waɗanda aka ƙirga sama da 300, kuma su ne ke sauyawa gaba ɗaya daga wannan daji zuwa wancan.

Vassya Bankova ta Cibiyar Kimiyya ta Bulgeriya ta shafe shekaru tana karkasa ƙaron amya bisa bishiyar da ya fito. A Turai da Arewacin Amurka da yawancin ƙasar Sin, tushensa tohon bishiyar fofula ne. Irin wannan yana cike da dangin sinadaran da ake kira filabonoyid, kamar finosembirin da galanjin da kirisin, tare da wani da aka fi sani da gajeren sunansa CAPE. A jihar Minas Gerais ta Birazil ƙudaje na tsinkar kan ganyen wani ƙaramin tsiro mai suna Baccharis, su yi koren ƙaro wanda babban sinadarinsa artefilin C ne, Japanawa kuma suka daɗe suna sayensa da tsada. A gaɓar tekun arewa maso gabashin Birazil ɗin kuma ja ne, daga wata bishiya mai suna Dalbergia, sinadaransa ba su haɗa hanya da na koren ba. Na Kuba dabam, na tsibirin Okinawa dabam, na tsibiran Girka dabam.

Abin mamakin shi ne kusan dukkansu suna hana ƙwayoyin cuta girma a ɗakin gwaji, duk da cewa sinadaransu sun saɓa. Dalili kuwa a fili yake: kowace bishiya ta tanadi makamin kare kanta, ƙudan kuma aro yake yi. Amma wannan na nufin sakamakon da aka samu a kan koren ƙaron Birazil ba hujja ba ce a kan wanda aka kankaro daga amyar Batsari. Suna ne kawai ya haɗa su.

Najeriya ita kanta ta ba da misali. Masu bincike a Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo, ƙarƙashin David Watson, tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya, sun wallafa a 2016 sakamakon wani jan ƙaro daga jihar Ribas. Ya yi kama da jan Birazil, kuma a cikinsa suka sami wani sinadari da ba a san shi ba a baya, suka raɗa masa riberinol, don tunawa da jihar. A 2017 suka auna samfuri 12 daga yankuna takwas na ƙasar, suka ga na kudu da na tsakiya sun bambanta ƙwarai. Wasu daga na tsakiyar ƙasa cike suke da dangin tiraitafin, har da waɗanda aka san su da jikin mangwaro. Sun kuma ga yawancin samfuran na kashe ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Wannan ma a cikin kwalba ne aka gani, ba a jikin saniya ba. Masanan na danganta ƙarfin da cewa ƙudan zuma shi ma yana fama da 'yan uwan wannan ƙwayar cuta a hanjinsa.

Bishiyoyin da ke tsakanin Rugu da Baban Rafi

Ƙasar Jibiya da ta Madarumfa shimfiɗa ɗaya ce. Ruwan da ya fito daga madatsar Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Dajin Rugu na kudu, na Baban Rafi na arewa maso yamma, tsakaninsu gonaki ne masu gawo da bagaruwa da aduwa da magarya da tsamiya, garuruwa kuma sun cika da darbejiya, lambuna da mangwaro. Yankin Madarumfa na cikin wuraren da aka sani da zuma a Nijar.

A nan kalmar ƙaro tana iya ruɗar da mutum, domin Hausa ta haɗa abu biyu a cikinta. Akwai ƙaron da ke narkewa a ruwa, irin na ɗakwara, wanda ake sa wa tawada, shi dangin sukari ne. Akwai kuma wanda ruwa ba ya narkar da shi, mai ƙamshi idan an ɗora a garwashi, irin na hano da dashi da maje. Wannan na biyun shi ne dangin abin da ƙudan zuma ke gini da shi. Hano ɗan uwan bishiyar lubban ne, sunansa na kimiyya ma na ɗauke da sunan John Dalziel, likitan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Akwai wani bincike da ya kamata ɗan Katsina ya sani, ko da yake a ƙasar Oman aka yi shi. A 2013 Bankova da abokan aikinta suka auna ƙaron amyoyin can, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, suka bi sawun sinadaran zuwa bishiyoyi uku: darbejiya, da mangwaro, da wata daga dangin ƙaya wadda suka fi kyautata zaton bagaruwa ce. Duka ukun suna tsaye a kowace unguwa daga Jibiya zuwa Maraɗi. Bagaruwa kuwa Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarfinta, da ita majema ke jima fata kada ta ruɓe. Mangwaro shi ma ya bayyana a ƙaron ƙasashen zafi da dama. Sai dai danƙonsa na da sinadaran da ke dangantaka da na ɓawon kashu, masu sa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi.

Akwai kuma gefen da ba a faɗa a talla. Inda bishiya ta yi ƙaranci, an sha ganin ƙudan zuma na kwasar kwalta da ɗanyen fenti ya kai gida a madadin danƙo. Shi ya sa dalma ke cikin abubuwan da ake aunawa kafin a karɓi ƙaron amya a kasuwar duniya. Kuma da yake abu ne mai maiƙo, yana riƙe maganin ƙwarin da aka fesa a gonakin kewaye. A yankin da gatari da buhun gawayi ke cin daji, babbar hanyar kwalta kuma ta ratsa ta tsakiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Amfani da ƙaron amya a matsayin magani tsohon abu ne. Likitocin Girka da Rum sun ambace shi, Ibn Sina ma ya yi bayanin baƙin kaki da ake samu a amya. Abin lura shi ne yawancin abin da magabata suka yi da shi a waje ne: shafawa a miki da ƙurji. Binciken zamani, bayan dogon zagaye, kusan nan ya dawo.

A ɗakin gwaji ƙarfinsa a bayyane yake, musamman a kan ƙwayoyin cuta masu sa ƙurji da ruɓar miki da ruɓar haƙori. A kan irin waɗanda ke zaune a hanji kuwa, masu ƙarin rufi a jikinsu, ƙarfinsa kaɗan ne. Tun 1988 masu bincike a Jami'ar Columbia suka nuna CAPE na kashe ƙwayoyin daji da aka raina a faranti, a 1996 kuma aka gano yana toshe wata hanya da jiki ke bi wajen tayar da kumburi. Daga irin waɗannan rahotanni ne mai talla ke tsinto kalmar daji. Amma abin da aka ɗiga kai tsaye a kan ƙwayar halitta a faranti dabam yake da abin da aka haɗiya. Hanji da hanta suna sauya yawancin waɗannan sinadarai kafin su kai jini, abin da ya isa inda ciwon yake kaɗan ne daga abin da aka sha. Abubuwan da ke kashe ƙwayar daji a faranti suna da yawa, har da ruwan gishiri mai kauri.

Idan aka zo kan gwajin da aka yi a jikin mutane, hujjar da ta fi ƙarfi tana wuraren da maganin ke taɓa ciwo kai tsaye. Gwaje-gwaje a Turai sun nuna man leɓe mai ɗauke da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙaron fofula yana gaggauta warkewar ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Akwai kuma sakamako mai ƙarfafa gwiwa a kan ruwan kurkure baki don kumburin dasashi, da gyambon bakin da masu shan maganin daji ke fama da shi, ko da yake yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne.

A kan ciwon suga, an yi gwaje-gwaje da dama, da yawansu a Iran, na 'yan watanni a kan mutane 'yan gommai. Wasu sun nuna sugan ya ɗan sauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda aka gwada ɗin suna kan shan maganin asibiti, ƙari aka yi musu ba musanya ba. Mai sugan da ya ajiye maganinsa ya koma kan kwalbar furofolis ya yi abin da babu gwajin da ya goyi bayansa, kuma suga ba ya gargaɗi kafin ya taɓa ƙoda ko ido ko ƙafa.

Labarin korona ya isa darasi. A wani asibiti a birnin Salvador na Birazil an gwada tataccen koren ƙaro a kan majinyata 124, aka wallafa a 2021 cewa waɗanda suka sha sun kwana shida zuwa bakwai a asibiti, sauran kuwa goma sha biyu. Labarin ya zaga duniya. Sai dai a wannan gwaji likita da majinyaci duk sun san wanda aka ba da wanda ba a ba ba. Da aka maimaita a kan mutum 188, aka ɓoye wa kowa, wasu aka ba su na bogi, sai tazarar kwanakin ta ragu har ta kai inda ba za a iya rantsewa ba dace ba ne. Sakamako na biyun bai yi tafiyar da na farko ya yi ba.

Tun a 2010 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa a rubuta wa furofolis wata fa'idar lafiya a jikin kwali. Hujjarta ita ce ba a fayyace abin da ake nufi da furofolis ba, tun da kowane yanki da nasa. Ba a iya auna amfanin abin da ba a tsayar da ko mene ne ba.

Zuma da zaƙi da harbi

Ana yawan ɗauka cewa abin da ya fito daga daji ba ya cutarwa. Ƙaron amya na cikin sanannun abubuwan da ke tayar da borin fata, har likitocin fata na Turai suka sa shi a 2019 cikin jerin abubuwan da ake gwada duk mai ƙaiƙayin da ba a san dalilinsa ba. Masu kiwon zuma ne suka fi fama da shi a hannu, masu sha kuma yakan kumbura musu leɓe da baki. Mai asma, da wanda jikinsa ba ya jure harbin ƙudan zuma, su ne ya fi kamata su yi nesa. An taɓa ba da rahoton wani mai ciwon daji a Taiwan a 2005 da ƙodarsa ta tsaya bayan ya sha ƙaron Birazil, ta farfaɗo da ya daina, ta sake tsayawa da ya koma. Ana kuma gargaɗin masu shan maganin tsinka jini da waɗanda za a yi wa tiyata. Mai juna biyu da jariri kuwa, ba a kansu ake gwada sabon abu ba.

Akwai batutuwa uku da suka shafi mai saye na wannan ƙasa musamman. Na farko lambar NAFDAC. Yawancin magungunan gargajiya hukumar kan ba su lamba mai harafin L a ƙarshe, wadda ke nufin an duba ba a ga guba ba, ba wai an tabbatar suna warkarwa ba. Shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Rubutun ƙanana ne, amma yana nan. Kayan da ya biyo ta ɓarauniyar hanya a bayan babur kuwa ko wannan bai samu ba.

Na biyu abin da aka narkar da shi. Sinadaran ƙaron amya ba sa narkewa sosai a ruwa, don haka yawancin na ɗigawa da barasa ake tatsarsa, sau da yawa mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Hukuncin shan wannan na malamai ne, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da ke cikin kwalbar kafin ya kai tambayarsa. Wanda aka tatsa da ruwa ko mai ya kauce wa wannan, sai dai sinadaran da ya ɗebo ba su ne na mai barasar ba, don haka ba za a jingina masa sakamakon wancan ba.

Na uku shi ne yadda ake jawo aya ta 68 da 69 na Suratun Nahli cikin talla. Jumhurin masu tafsiri sun tafi a kan cewa abin shan da aka siffanta da waraka a wurin zuma ce. Ƙaron amya danƙon bishiya ne da ƙudan ya ɗauko a ƙafa. Ko a kan zumar ma, malamai ba su ce ta soke zuwa wurin likita ba. Sanya alfarmar aya a kan kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba zalunci ne ga mai saye, rashin ladabi ne kuma ga ayar.

Rabon mai amya

To mai amyar da ke Jibiya ko Madarumfa fa, dukiya yake zubarwa? Amsar ita ce e, amma ba mai yawa ba. Abin da amya ɗaya ke tarawa a shekara ba ya wuce 'yan ɗaruruwan giram, sau da yawa ƙasa da haka. Ƙari ne a kan zuma da kaki, ba abin da zai maye gurbinsu ba, kuma sai an haɗa na mutane da yawa kafin ya zama kaya.

Sai dai yana da wata dama da bai sani ba. Akwatin zamani da Lorenzo Langstroth ya ƙirƙira a Amurka a 1851 an gina shi ne a kan lura da cewa ƙudan zuma na liƙe duk tazarar da ta gaza kimanin milimita shida da ƙaro. Sai aka tsara akwatin yadda ba zai bar irin wannan kafa ba, aka goge katakonsa sumul, masu kiwo kuma suka riƙa zaɓen ƙudajen da ba sa yawan liƙi. Yau almajiran Spivak na ba da shawarar a bar cikin akwati da kaushi don ƙudaje su shafe shi, saboda lafiyarsu. Amyar ciyawa da ake saƙawa a yaɓe da kashin shanu a rataye a bishiya, cikinta kaushi ne tun asali. Illarta tana wajen ɗiba: wutar da ake cinnawa da dare tana ƙona ƙudaje, toka da hayaƙi su gauraya da komai, zafi kuma ya kori man ƙamshin da ke cikin ƙaron. Gyaran ba mai tsada ba ne. Hayaƙi a madadin harshen wuta, wuƙa mai tsabta, mazubi mai murfi a inuwa, da nisantar da amya daga kwalta da gonar da ake feshi. Kada kuma a kankare duka, domin ganuwar masu gida ce.

Abin da ya rage aikin masana ne. Kasuwar duniya ba ta sayen ƙaron da ba a san sinadaransa ba, musamman tun da hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ma'auninsa a 2023. Koren Birazil ya yi daraja ne saboda an san tsironsa, an san sinadarinsa, ana iya auna shi a kowane buhu. Akwai sassan kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai tsangayar haɗa magunguna a Zariya. Samfuri daga ƙauyuka goma a kowane gefen iyaka, na rani da na damina, tare da danƙon bishiyoyin da ke kewaye da kowace amya, aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya, idan tsaro ya bari a shiga daji. Najeriya ta taɓa bin irin wannan hanya: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi, ta auna shi, ta gwada, ya zama Niprisan na masu ciwon sikila.

Kafin wannan rana, mai saye na da tambayoyi uku da zai yi wa duk wanda ya miƙo masa kwalba: daga wace ƙasa da wace bishiya, da me aka narkar da shi, kuma a kan wane ciwo aka gwada shi a jikin mutane. Mai amya kuma, duk abin da masana za su gano nan gaba, ya dogara ne a kan hano da bagaruwa da mangwaron da suka tsira daga gatari. Amyar da babu bishiya kusa da ita kwalta za ta tara.